Jiniyar da Ba Ta Kai Bompai Ba

Idan ka shigo Sharada ta inda tireloli ke jerawa suna jiran lodi, ka tambayi Gali mai haɗa sauti a mota, ba lallai a gane wanda kake nufi ba. Amma ka ce Gali Mita, ko mai faci zai nuna maka shagonsa da haɓa. Shagon rabin kwantena ne, rumfar abincina kuma tana jingine da shi. Sunana Aina'u. Tun gashina yana baƙi nake sayar wa ma'aikatan kamfanoni shinkafa da wake a wurin nan, don haka abin da zan faɗa a kan Gali ba a bakin wani na ji ba.

Dogo ne, siriri, da ɗan doro saboda yawan sunkuyo a but ɗin mota. Muryarsa ce kawai ba ta dace da jikinsa ba. In ya ce, "Yaya Aina'u, a ƙaro yaji," sai direban da ke barci a ƙarƙashin tirela ya zabura. Na sha yi masa tsiya, in ce ni ba kurma ba ce, kuma ba a tasha muke ba. Sai ya yi dariya ya ce a gidansu haka ake hira.

Gaskiyarsa ne kuwa. Mahaifinsa, Baba Idi, ya zo Kano yana saurayi daga wani ƙauye a ƙasar Gumel, ya sami aiki a wata masaƙa a Bompai. Can ya fara, yana can ya yi aure. Daga baya ya koma wata babbar masaƙa a Challawa, a nan ya ƙarar da ƙarfinsa. Ƙarar injinan saƙa tana cin kunne a hankali, mutum bai sani ba. Kafin Gali ya gama firamare, duk gidan sai an ɗaga murya Baba yake ji.

Wannan ne ma ya jefa Gali cikin sana'arsa. Baba Idi yana da ƙaramar rediyo da yake manna wa kunne lokacin labarai. Abin ya ba yaron tausayi. Ya tsinto tsofaffin sifika a bola, ya buɗe rediyon, ya jona mata su duka don Baba ya ji ba sai ya manna ba. Ta yi ƙara mai daɗi na ɗan lokaci, sai ta yi wari ta mutu. Gali ya ce ya gama sallama fatar bayansa, amma Baba ko yatsa bai ɗaga ba. Ya juya rediyon ya duba, ya kama hannunsa ya kai shi wurin wani mai gyaran rediyo, ya ce, "Ga shi nan. Yana da niyya, ba shi da sani." Da Gali ya girma ya ɗan yi aikin wuta a masaƙar Challawa, kafin a rufe ta a sallami kowa, uba da ɗa rana ɗaya. Daga nan ya buɗe kwantenarsa.

Sunan Mita kuwa, halinsa ne ya jawo masa. Ba ya jona waya sai ya ɗora mita, na'urar nan ta gwada wuta, ya auna. Bayanin da yake yi wa mutane na ji shi har na haddace, ni da aikina tuƙa tukunya. Kowace sifika tana da lamba a bayanta, wadda suke kira om, wata huɗu, wata takwas. Amfilifaya kuma, akwatin da ke ƙara wa sauti ƙarfi, tana da iyakar lambar da za ta iya ɗauka. Abin da ke rikita mutane shi ne, in lambar ta yi ƙasa, a nan nauyin yake ƙaruwa. Sifika biyu masu om takwas, in ka haɗa su baki ɗaya, jar waya da ja, baƙa da baƙa, sun koma huɗu. Ka ƙara wasu biyu, sun koma biyu. Amfilifayar da aka yi don huɗu, ka ba ta biyu, za ta yi maka ƙarar da ba ka taɓa ji ba, tana yi tana dahuwa daga ciki.

Samarin nan masu Adaidaita Sahu da direbobin bas ɗin ma'aikata ba sa son jin haka. Kowa so yake in ya wuce a ce wane ne. Wani tsohon lebura da ya sayi bas ya taɓa ce masa, "Haba Malam Gali, a kamfani in mu huɗu muka kama buhu ai sauƙi yake yi."

Gali ya ce, "Alhaji, su ba kama buhun suke yi ba. Su ne buhun."

In mutum ya nace, sai ya nuna ni. "Ka ga Yaya Aina'u? Mutum ɗaya ya miƙo kwano, za ta zuba masa da fara'a. Ku taru ku takwas kuna jan ludayinta, ka ga abin da zai faru."

Ni kuwa in ce, "Ka cire ni a cikin wayoyinka, tun kafin ka ga hayaƙina."

Akwai hanya, kuma yana nuna ta. A bi da sifika biyu ɗaya bayan ɗaya, a yi wa sauran biyun haka, sannan a haɗa su, lambar ta tsaya inda akwatin zai huta. Ƙarar za ta ɗan ragu, amma a wuni ana kiɗa ba abin da zai faru. Wanda ya yarda ya yi masa. Wanda ya ƙi, ya naɗe wayarsa ya ce a gwada gaba. Da yawa sun tafi suna cewa ya cika iyayi, su dawo bayan sati da akwati yana warin ƙauri, suna sosa ƙeya. Bai taɓa ce wa kowa "ai na faɗa maka" ba. Ni nake faɗa a madadinsa, don ni ba ni da irin haƙurinsa.

Bayan rasuwar mahaifiyar Gali, Baba Idi ya dawo hannunsa a Na'ibawa. Kunne ya riga ya tafi, sai tunani ya fara bi. Matar Gali, Badi'a, tana da yara ƙanana, ba za ta iya tsare ƙofa wuni guda ba, sai Gali ya riƙa ɗauko shi a babur yana kawo shi shago. Na ajiye masa benci a inuwar rumfata. Tsoho ne mai tsabta, hularsa a zaune, takalminsa a goge. Ba ya jin magana sai ka kai baki kunnensa, amma akwai abu ɗaya da bai taɓa wuce shi ba. Wani kamfanin roba a bayanmu har yanzu yana busa jiniyar canjin ma'aikata. Da ta ɗauka, Baba zai miƙe, ya kakkaɓe riga, ya gyara hula ya nufi titi. Sai Gali ya jefar da abin da ke hannunsa ya tare shi.

"Baba, yau hutu ne!" zai faɗa masa a kunne, da muryar nan tasa.

Baba ya dube shi da shakka, ya ce, "Hutun nan ya yi yawa." Sannan ya dawo ya zauna.

Muna dariya, amma ba dariyar daɗi ba ce. A 'yan watannin ƙarshe ya fara kiran Badi'a da sunan marigayiyar matarsa, yana tambayar mutanen da Gali ma bai san su ba. Dukkanmu mun ji, ba wanda ya tsaya ya yi tunanin wane zamani tsohon ya koma.

A tsakiyar bazara abin ya faru, lokacin da kwalta ke laushi a ƙarƙashin taya. Ranar Juma'a Gali ya bar Baba a gida saboda zafin. Aka fita masallaci, aka dawo, ba Baba. An zaga Na'ibawa lungu-lungu, an kai cigiya gidan rediyo da wurin 'yan sanda, an leƙa asibitoci. Washegari Isyaku, wani mai tallan maganin gargajiya da Gali ya haɗa wa lasifika biyu a kan mota, ya kawo motarsa ya ce a yi cigiya da ita. Suka wuni suna faɗin kamanninsa a titi. Mutane sun ji, sun yi addu'a, ba wanda ya gan shi.

Da yamma Gali ya zauna a bencin Baba, bai taɓa abincin da na zuba masa ba. Can sai jiniyar kamfanin roba ta ɗauka. Na ga ya ɗago kai.

Ya ce, "Yaya, wa muke yi wa cigiya? Mutane muke gaya wa. Shi ba ya jin mu. Wannan ce kaɗai yake ji."

Ya tashi a guje ya naɗi sauran ƙarar a wayarsa ta salula. Dabararsa ita ce a zaga da motar ana busa jiniya, in Baba yana bayan wata katanga ko cikin wani kango, zai miƙe ya gyara hula ya fito titi da ƙafarsa. Wallahi har yau ina ganin dabara ce mai kyau.

Ranar Lahadi ba na fitowa, amma na fito da sassafe. Na tarar ya aro wasu lasifika biyu daga Islamiyyar unguwarsu, sun zama huɗu a kan rufin motar, kowace om takwas. Amfilifayar Isyaku ta huɗu ce. Ina tsaye ya tattara jajayen wayoyi ya murɗe su wuri ɗaya, ya tattara baƙaƙe ya murɗe. Ni da ban yi makarantar wuta ba, na san abin da nake kallo.

Na ce, "Gali, ba ka ɗauko mita ba."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Na san abin da za ta ce."

"To ka yi musu biyu-biyu mana, yadda kake yi wa mutane."

"Ƙarar za ta ragu, Yaya. Katangun Challawa dogaye ne. Tsoho ne, kurma, ya kwana biyu a cikin wannan rana. In na rage, ya ƙi ji fa?"

Ya kunna don gwaji, fis, ɗan abin da ke katse wuta in ta yi yawa, ya tsinke nan take, wato akwatin da kansa ya ce a'a. Gali ya zare siririyar waya ya naɗe fis ɗin da ita, abin da na sha ji yana zagin yaran gareji a kansa. Ya ce za ta kai mu, ba daɗewa za mu yi ba, ai Baba yana Challawa, ina kuma zai je in ba can ba? Ya tsara mu fara da Challawa, mu biyo ta Sharada, in ta kama mu ƙarasa Bompai.

Isyaku ya ja mota, Gali a gefensa, ni a baya da akwatin a gabana. Na zo da maficin da nake hura wuta da shi, Gali ya sayi ƙanƙarar ruwan leda ya jera a kai. Da ya kunna jiniyar a Challawa, na ji ta har cikin haƙorana. Tsuntsaye suka tashi daga kan rufin kamfanoni, masu gadi suka leƙo, masu wankin mota suka tsaya da tsumma a hannu. Muka tsaya a ƙofar tsohuwar masaƙar, wadda ciyawa ta cinye har bakin ƙofa. Gali ya fita ya tsaya yana kallon hanya. Ba kowa sai awaki.

Ƙanƙarar ta narke ta zama ruwan ɗumi. Ina fifita, akwatin yana hura mini zafi a fuska kamar murhu. Isyaku ya ce a kashe ta huce.

Gali ya ce, "In yana tahowa fa? In na kashe, zai ce ya makara, ya koma."

Muka sake zagaye. Muka sake. Rana ta take tsaka kafin ya yarda mu bar Challawa. Muna shiga Sharada, daidai layin da ake sauke fatu, jiniyar ta shaƙe, ta yi wani irin gurnani ta ɗauke. Hayaƙi ya taso daga ƙarƙashin kujera. Da fis na gaskiya ne a wurin, da akwatin kaɗai za a rasa. Amma wayar da ya naɗa ta ƙi tsinkewa, wutar ta bi ta cinye wayoyin motar har gaban direba. Da ƙasa muka kashe ta. Motar ta tsaya cak a tsakiyar titi.

Lahadi ce, shagunan kayan wuta a rufe. Gali ya kwanta a ƙarƙashin sitiyari yana jona waya ɗaya-ɗaya, gumi da hawaye sun haɗu ba a bambancewa. Motar ba ta tashi ba. Da rana ta yi sanyi muka bar ta, muka hau Adaidaita zuwa Bompai hannu rabbana. Gali ya bi layukan sito-sito yana kiran "Baba! Baba Idi!" da muryarsa, wadda na daɗe ina cewa ta yi yawa. Ran nan kuwa muryar ta yi kaɗan. Ya kira har ta dushe, aka yi magariba, muka juyo.

Da safe 'yan gwangwan masu tsintar ƙarfe suka same shi, rai ya yi halinsa. Yana cikin harabar masaƙar da ya fara aiki yana saurayi, wadda ta zama kango, a bayan katangar da ta rushe ta gefe. Ya jingina da bango kusa da ƙaramar ƙofar da ma'aikata ke shiga a da, hularsa a kai, ya cire takalmi ya jera a gefe. Mun wuce ta gaban katangar nan da yamma. Yadda ya kai Bompai daga Na'ibawa, Allah kaɗai ya sani.

A wurin zaman makoki wani mai tura ruwa a kura ya zo gaisuwa, don ya ji labari. Da kyakkyawar niyya ya zo, bawan Allah, bai san abin da yake ɗauke da shi ba. Ya ce ranar Lahadi bayan azahar tsohon ya leƙo ta inda katangar ta rushe ya roƙi ruwa. Ya ba shi, ya ɗauka mai gadin wurin ne. Ya ce masa, "Baba, ku fito inuwa mana." Tsohon bai ji ba, ya dai miƙo kofin ya ce, "Bari in koma, kada a busa ba na kusa."

Bayan azahar. Lokacin muna Sharada muna watsa wa mota ƙasa.

Na dubi Gali. Ya yi wa mutumin godiya, ya raka shi har bakin layi. Kowa ya ce masa kwana ne ya ƙare, kuma haka ne, ba mai ja da wannan. Shi ma bai ja ba. Amma akwai 'yan iskan da suka riƙa zuwa rumfata suna ƙus-ƙus, wai ashe Gali Mita ma yana ƙona amfilifaya. Ɗaya na kora da ludayi, ban bari ya gama cin abincinsa ba. Mutumin da ya shekara da shekaru yana hana ku ƙona kayanku, sau ɗaya ya karya dokarsa, kuma ba don a ce wane ne ya wuce ba. Har yanzu in na tuna raina ɓaci yake.

Da aka tashi daga makoki ya gyara wa Isyaku wayoyin motarsa tsaf, ya sa masa wata amfilifaya irin waccan. Na ɗauka zai mayar wa Islamiyya lasifikarsu, sai na ga ya sake ɗora huɗun a kan rufi. Wannan karon ya bi da su biyu-biyu, ya ɗauko mita ya auna, ta nuna takwas, ya sa sabon fis. Ya ce, "Yaya Aina'u, zo ki raka ni."

Ban tambaye shi ina ba. Na ɗauki maficina, ya ce in bar shi.

Muka tsaya a Bompai a gaban katangar da ta rushe. Ya kunna jiniyar. Ba ta kai ta ranar Lahadi ƙara ba, ko kusa, ba ta shiga haƙori. Na ce a raina, to ka gani, da ma ba lallai ya ji ba. Har na buɗe baki zan faɗa masa, don ya sami abin riƙewa.

Sai ga wani tsoho ya fito daga wani sito can ƙarshen layi, yana gyara hula. Wani ya taso daga inuwar tirela da buta a hannu. Wani mai gadi ya buɗe ƙaramar ƙofa ya leƙo, ya fito gaba ɗaya. Tsofaffin ma'aikatan masaƙa ne da suka ƙare a gadi da dako a unguwar. Suka taho a hankali suka tsaya kusa da motar suna kallon kangon. Na gaishe da na kusa da ni, bai amsa ba. Na ɗaga murya, bai juyo ba. Sai da na taɓa hannun rigarsa ya dube ni, ya nuna kunnensa, ya ce da ƙarfi, "Sai haƙuri, Hajiya, injin ya cinye. An sake buɗewa ne?"

Daga can ƙarshen layi ya ji ta. Na haɗiye maganata, na juya baya na yi kukana.

Gali bai kashe ba. Ya bar ta tana busawa, tsawon lokacin da ya fi wanda muka yi a Challawa da Sharada a haɗe, har tsofaffin suka gaji suka watse ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya buɗe ƙofar baya, ya durƙusa, ya ɗora tafinsa a kan akwatin ya daɗe bai ɗauke ba. Da ya yi magana, a hankali ya yi, karo na farko tun da na san shi, sai da na sunkuya na ji.

"Taɓa ki ji, Yaya. Ko ɗumi ba ta yi ba."